Ƙulli Biyu

Babana Evaristo bai yarda da inci ba.
Da jan zaren saƙar mamata ya auno bangon falo,
ya ƙulla a inda taga ta fara,
ya nannaɗe, ya cusa a aljihu,
muka gangaro daga tudun Valparaíso
ranar Asabar, ana yayyafi.

Tsohuwar talabijin ɗinmu a hankali ta tafi.
Ja ne ya fara yin ƙaura,
sai fuskokin masu karanta labarai suka koma kore,
wata safiya kuma murya kaɗai ta rage.
Wata biyu ya yi yana sauraron akwati,
kai a sunkuye,
kamar mai karɓar gaisuwa.

A kantin, bango guda gilasai ne,
arba'in ko sun fi,
kuma duk kifi ɗaya suke nunawa.
In ya juya, arba'in sun juya.
Mutumin da ya shekara talatin da takwas yana jan koma
ya tsaya, ya ƙanƙance ido, ya ce,
"Wannan kifin bai taɓa kwana da yunwa ba."

Yaron kanti, Baltasar, mai ɗan kunne guda,
ya iso da lambobi cike da baki:
hamsin da biyar, sittin da biyar, saba'in da biyar.
Wannan, baƙinta ya fi na dare.
Wannan, ko daga gefe ka zauna ba ta dusashewa.
Waccan kuwa, kana yi mata magana ta amsa.
"Ina da 'ya," in ji babana,
"ita ma ba kullum take amsawa ba."

Gaban babbar ya daɗe.
Na ga idonsa, wanda yana ta fara rufewa,
yana bin ɓawon kifin ɗaya bayan ɗaya.
Tun bara bai ga abu ƙarara haka ba.
Na yi lissafin fanshonsa a zuci,
na ƙara da nawa albashin,
na ce, Baba, a ɗauka, wata goma sha biyu ne,
da sannu ake cin ƙaya.

Ya zaro zaren.
Baltasar ya riƙe baki ɗaya yana murmushi,
babana ya ja har ƙulli.
Ta shiga, har da ragowar yatsa biyu.
Na tafa.
Sai ya juya zaren, ya auna tsayinta,
a nan na ga wani ƙullin da ban san da shi ba.

Na mene ne wannan?

"Kwanar matakala," ya ce, bai dube ni ba.
"Ta saba'in da tara, gaban ƙofar Leontina,
inda katanga ta yi ciki."

Na san wurin.
A nan akwatin mamata ya tsaya ranar da muka sauko da ita,
maza shida suna haki,
sai da aka karkata ta
kamar mai juyi a barci.

Babbar ta haura ƙullin da taƙi guda.
Ya shafa gefenta, ya matsa ga ta kusa da ita.
"Wannan za ta wuce in an karkata.
Na gani."

Da la'asar maƙwabta biyu suka hau da ita,
matakala ɗari da talatin da huɗu,
kwalin ya jiƙe, yana zame musu.
Shi yana gaba, yana tafiya da baya,
yana cewa a hankali, a hankali,
ku ɗaga can, ku sauke nan.
A kwanar bai ce komai ba.
Hannu kawai ya sa.

Da dare aka buga ƙwallo.
Ya ce ciyawar ta cika kore,
ya ce ashe mai tsaron gidan nan gemu gare shi,
ya nemi in rage murya, ya nemi in ƙara.
Kafin a tafi hutun rabin lokaci barci ya ɗauke shi,
hasken fili yana yawo a goshinsa.

Na zare zaren daga aljihunsa.
Ƙullin farko ya kwance da sauƙi.
Na biyun ya ƙi farce, ya ƙi haƙori,
na mayar da shi kwandon saƙa a haka.